Barden Takalma na Northampton

Northampton, 14 ga Fabrairu, 1921

Zuwa ga 'yar'uwata Lettice,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Miles, kuma sanyin Skelby bai takura muku ba. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar hagu da ke hana ni hawa bene. Na san za ki ce sai yau na tuna da ke, shekara tara bayan jana'izar mijinki. Laifina ne, na karɓa.

Ga dalilin rubutowa, amma ki bar shi a cikinki tukuna. An sanar da ni a asirce cewa sunana zai fito cikin waɗanda za a naɗa barade ranar haihuwar Sarki, a watan Yuni, saboda hidimar da masana'antata ta yi wa soja lokacin yaƙi. Takalmi ƙafa miliyan ɗaya da ɗoriya muka ɗinka, Lettice. Zan durƙusa a fada, a taɓa mini kafaɗa da takobi, in tashi ina Sir Enoch Marwood. Rabon da a kira wani Marwood da Sir tun kakan kakanninmu Sir Godfrey, wanda ke kwance a cocinku fiye da shekara ɗari biyar.

Masu zana tamburan gidaje a London sun ce ba za su ba ni tambarinsa ba sai na kawo shaidar cewa ni jininsa ne. Shaidar tana cikin akwatin ƙarfen da kakanki ya bari, wato takardar fatar nan mai hatimi da tsohon Baibul mai sunayen haihuwa. Kakanki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, ke ma kin sani. Ki ara mini su na wata guda. Ni kuma zan gyara rufin cocin, don na ji an ce ruwa na ɗiga a kan fuskar tsohon, wato siffarsa ta dutse da ke kan kabarinsa.

Na samu labari Miles ya ji rauni a Faransa. Shekara huɗu ke nan, ina fata zuwa yanzu ya tsaya da ƙafarsa, ya daina zama a gindinki. Namiji ne.

Ɗan'uwanki,
Enoch

Skelby, 19 ga Fabrairu

Enoch,

Wasiƙarka ta iso. Ka tambayi lafiya, to ga ta. Ni ina fama da tari tun Kirsimeti, Miles kuma ba shi da ƙafar da zai tsaya da ita. An yanke su duka biyu daga ƙasan gwiwa a watan Janairun 1917. Na rubuta maka a lokacin, shafi huɗu, ba ka amsa ba. Yau kuma ka ɗauki alƙalami ka yi mana ba'a da su. Sau uku na karanta layin nan ina neman wata ma'ana, ban samu ba.

Ba harsashi ne ya same shi ba. Kwana tara ya yi a tsaye cikin ramin yaƙi, ruwa da ƙanƙara har ƙauri, tafin takalmansa ya jiƙe ya saɓule kamar burodin da aka tsoma a shayi. Kwali ne a ciki, Enoch. Ƙafafun suka yi baƙi, suka ruɓe. Ni nake wanke dungun kowace safiya, ni nake ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, ina da shekara sittin da ɗaya. Kai kuma gwiwarka na hana ka hawa bene. Sannu.

Miliyan ɗaya da ɗoriya. Ka ƙirga takalman, ba ka ƙirga ƙafafun ba.

Ka ma san abin da ake nufi da barde? Babana ya sha ɗora ni a gefen kabarin Sir Godfrey yana ba ni labari. Yaro yakan yi shekara bakwai yana hidima a gidan wani, ya ƙara bakwai yana ɗaukar garkuwar maigidansa, sannan ya rantse a gaban bagadi zai tsaya wa gwauruwa da maraya. Sai a ɗaura masa takobi. In ya ci amana, a sare kaiminsa da gatari a kan juji, jama'a na kallo. Sir Godfrey ya dawo daga Faransa da ido ɗaya, tare da mutum goma sha ɗaya cikin sha biyun da ya tafi da su. Kai mutum nawa ka dawo da su?

Kada ka raina mini hankali da zancen hidima. Ko a Skelby jarida na zuwa. Kowa ya san akwai wani mai ofis a London da ke sayar da Sir kamar yadda ake sayar da tumaki a kasuwar Laraba. Nawa ka biya?

Ba za ka ga akwatin ba. Rufin ma ka bar mana kayanmu. Gara ruwan sama a kan fuskar tsohon da kuɗinka a samansa.

Lettice Ormerod

Northampton, 2 ga Maris

Lettice,

Ina gaishe ki, Allah ya ba ki sauƙin tarin. Na rantse da Allah ban san an yanke ƙafafun Miles ba. A Janairun da kike magana matata Adelaide ke kwance, a cikinsa ta rasu, wasiƙun watan nan kuma har yau ban san inda suka shige ba. Da na sani da ban rubuta layin nan ba. A kan wannan ina neman gafara. A kan sauran, a'a.

Masana'antu fiye da arba'in suka ɗinka wa soja takalmi. Wa ya gaya miki nawa ne? Kowane akwati da ya fita daga ƙofata sai da mai binciken gwamnati ya buga masa hatimi.

Barden naki kuwa, bari in gaya miki abin da babanki bai gaya miki ba. Ɓarawon shanu ne mai doki. Duk haka suke. Wanda ke da kuɗin doki da sulke shi ne barde, wanda ba shi da su ya bi bayansa a ƙasa da sanda. Suna ƙetara ruwa ne don ganima, su kama mai arziki a fanshe shi, su yanka talaka don ba mai fansarsa. Da kuɗin fansa aka gina gidan da kike ciki. Su ma saye suka yi, Lettice. E, na biya, fam dubu goma, kuma da gumina na same su, ban ƙone ƙauyen kowa ba. Mutum ɗari tara ke cin abinci a ƙarƙashina.

Kina maganar maraya. Da kakanki ya gaje komai don shi ne babba, kakana bai samu ko tunkiya ba. Babana ya bar Skelby yana ɗan shekara goma sha uku, takalmansa rataye a wuya don kada su cinye kafin ya samu aiki. Sau ɗaya ya kai ni gidanku, ina ɗan shekara goma. Mahaifiyarki ta ce a ba mu abinci a kicin tare da mai kula da doki. Kina leƙenmu daga saman bene, da jan ƙyalle a gashinki. Babana ya cinye abincinsa, ya yi godiya, muka kama hanyar tasha. Ke kin manta. Ni ban manta ba.

Akwatin nan na Marwood ne. Ke Ormerod ce tun ranar aurenki, ni ne namiji na ƙarshe mai sunan, lauyana kuma ya ce kotu za ta saurare ni. Ba na son a kai can.

Ga takardar banki ta fam ɗari biyar a ciki, da sunan Miles. Akwai masu yin ƙafar katako nagari a London. Ba cin hanci ba ne.

Enoch

Skelby, 6 ga Maris

Enoch,

Muna nan da rai. Takardar nan da kake jin ita za ta wanke ka, na jefa ta a murhu jiya da safe, Miles yana kallo. Ta ci wuta da kyau. Ka turo lauyan naka ya kwashi toka.

L. O.

Northampton, 8 ga Maris

Lettice,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, mai lafiya ba ta aikata haka. Shekara ɗari biyar takardar nan ta yi, ta tsira daga yaƙi da annoba da ɓeraye, sai a hannunki ta ƙare, don kawai kada ɗan wanda ya ci abinci a kicin ya taɓa ta. Ke ce mai wa'azin girman gida. Ba ni kika ƙona ba, naki kika ƙona, da na ɗanki. Daga yau lauyana ne zai yi miki magana.

E. Marwood

Skelby, 21 ga Afrilu

Kawu Enoch,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Miles ne. Ba mu taɓa rubuta wa juna ba. Da tuni na rubuto, amma dungun hagu ya sake buɗewa, na yi sati biyar a asibiti. Da na dawo na tarar da wasiƙun lauyanka uku a ƙarƙashin butar shayi, Mama ta mai da su matashi.

Kun yi wa juna mummunar fahimta. Takardar bankinka ta ƙone, ba ta fata ba. Na ce mata, "Mama, zai ɗauka ta Sir Godfrey kike nufi." Ta ce, "To ya ɗauka mana. Ya ɗan ji yadda rashi yake." Takardar fata na nan lafiya lau.

Na sa limamin cocinmu, Mista Aske, ya karanta mana ita, don da Latin aka rubuta kuma tun da nake ban taɓa jin wanda ya san abin da ke ciki ba. Takardar yafiya ce, Kawu. Sir Godfrey ya kashe wani mai injin niƙa a kan rigimar ruwa, aka yafe masa bisa sharaɗin ya yi shekara guda yana yaƙi a Faransa. Mama ta ce, "Mista Aske ya tsufa, ba ya gani." Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, bai canja ba. Ranar ba ta ba shi kek ba.

Maganar takalma ita ce ainihin dalilin rubutowata. Ban taɓa ce wa Mama naka ne ba. Ban san na wa ba ne, babu wanda ke duba suna a wurin nan. Ita tana bukatar mutum guda da za ta tsana, mai ɗinka takalmi ɗaya kuma ta sani a duniya. Abin da na tuna kawai, an raba mana su a Nuwamban 1916, kuma ɗinkin dunduniyarsu da zare rawaya aka yi. Muka yi ta dariya muna cewa an ba mu takalman zuwa rawa.

Ni kam ban ga barde a Faransa ba, ko na da ko na yanzu. Na dai ga Seth Raine, makiyayin tumaki daga saman kwarinmu, wanda ya goya ni mil biyu zuwa wurin likita alhali nasa ƙafafun sun fi nawa lalacewa. Yana tafe yana zagina, yana cewa, "Ɗan gidan manya, nauyi kamar saniya mai ciki." Ya mutu bayan kwana shida. Babu wanda ya taɓa masa kafaɗa da komai. Uwarsa na nan, tana kawo mana ƙwai ranar Asabar.

Saboda haka ka je ka karɓi Sir ɗinka, ba ni da rigima da kai. Ka janye lauya, ni kuma zan lallashi Mama ta ba da aron akwatin.

Ɗanka,
Miles Ormerod

Northampton, 3 ga Mayu

Ɗana Miles,

Na gode da wasiƙarka, Allah ya warkar da ciwon. Na janye lauya tun ranar da ta iso. Kwana goma na yi ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Zaren rawaya nawa ne.

A Oktoban shekarar jirgin da ke kawo mana fata bai iso ba, baƙin zare ma ya ƙare, sai rawayan da muke ɗinka takalman mata da shi. Saura sati uku wa'adin kwangila ya cika, in na saɓa kuma a ba wani. Na sa aka cika tsakiyar tafin da kwali, aka rufe da siririyar fata sama da ƙasa. Shugaban ma'aikatana, Tebbutt, ya kawo mini guda ɗaya ofis, ya lanƙwasa shi a gabana, ya ce, "Maigida, wannan ba zai yi wata guda a ruwa ba." Na ce masa, "Ka koma bakin aiki ko ka ɗauki hularka." Yana da 'ya'ya bakwai. Ya koma. Mai bincike kuwa akwatunan sama muka buɗe masa. Ƙafa dubu goma sha shida suka fita haka. Na gaya wa kaina wai masu gadin rumbu za a ba, waɗanda ba sa taka ruwa. Ban tambaya ba, don kada a gaya mini.

Sau ɗaya ne, Miles, cikin shekara huɗu. Sauran duk nagari ne, kowa zai shaida.

Ban san dalilin da ya sa nake gaya maka ba, sai dai ka ce ba ka da rigima da ni, na kasa haɗiye wannan. Ina roƙonka ka ƙone wasiƙar nan, kada mahaifiyarka ta gani. Duk abin da kake so ka faɗa: likita, gida a bakin teku, wani abu duk wata ga uwar Seth Raine. Maganar Yuni dai ta riga ta yi nisa. Garin nan duk an ji ƙishin-ƙishin, ma'aikata har sun soma gwajin kaɗe-kaɗen tarya. Janyewa yanzu tamkar in hau kan rufi ne in yi shela.

Kawunka,
Enoch

Skelby, 7 ga Mayu

Mista Marwood,

Wasiƙarka ta same ni lafiya, tana nan kuma ban ƙone ta ba.

Shekara huɗu ina gaya wa kaina ƙaddarar yaƙi ce, babu mai laifi. Da haka nake samun barci. Da haka nake iya duban uwar Seth in karɓi ƙwanta. Ina ta ba Mama haƙuri a kanka, ina ce mata ta daina zaluntar bawan Allah. Ashe an lanƙwasa maka shi a gabanka. Ka gani da idonka, ka san ƙafar mutum za ta shiga ciki.

Ka ce sau ɗaya ne. Mu ma sau ɗaya aka yanke mu. A rukuninmu kaɗai mutum goma sha tara aka kwashe saboda ƙafa a sati guda, huɗu ba su tashi ba. Na san sunayensu, in kana so in rubuto maka. Dubu goma sha shidan kuma sai ka yi lissafi da kanka, kai ne gwanin ƙirga.

Ba na son gida a bakin teku. Abu biyu nake so. Ka rubuta wa London ka ce a cire sunanka, ka faɗi duk dalilin da ka ga dama. Sannan ka zo Skelby da ƙafafunka, ka zauna a gaban Mama da uwar Seth, ka faɗa musu da bakinka abin da ka rubuta mini. Ni ba zan faɗa musu ba. Ba aikina ba ne in ɗauke maka wannan ma.

In na ga sunanka a jarida ranar uku ga Yuni, washegari wasiƙarka za ta tafi wurin editan jaridar, da sa hannunka a ƙasa. Na san abin da mutane za su kira wannan. Su kira.

M. Ormerod

Northampton, 26 ga Mayu

Miles,

Ina fata ciwon ya rufe. Na rubuta musu, na ce likita ya hana ni. Da na je neman kuɗina, mai ofishin ya yi mini dariya a fuska, ya ce kuɗin da ya shiga ba ya fita. Na amince maka da abin da ban taɓa gaya wa matata ba, ka mai da shi igiya a wuyana. Jinin uwarka ne kai. Na tsane ka yau, kuma ban isa in ce ba ka da gaskiya ba.

Na biyun ya fi wuya. Ka ba ni zuwa Lahadi ta biyu a Yuni.

E. M.

Skelby, 4 ga Yuni

Enoch,

Ina gaishe ka. Tarina ya tafi da shigowar ɗumi, Miles ma ciwonsa ya rufe, ko da yake wata guda ke nan ba ya cin abincin kirki, ba ya kuma gaya mini dalili.

Jiya na tashi da sassafe na taka har shagon jarida da kaina. Na karanta jerin daga sama har ƙasa, na sake bi da yatsa. Akwai mai giya, akwai mai sabulu, akwai masu jiragen ruwa biyu. Babu mai takalmi. Ashe har yanzu akwai mai ido a fada. Sun ci kuɗinka sun kuma gane ka, ban san wanne ya fi yi mini daɗi ba. Na karanta wa Miles da ƙarfi, ina tsammanin zai yi dariya. Ya ce, "Ya isa, Mama," ya juya kekensa ya fuskanci taga.

Yanzu kuma ya ce mini wai za ka zo ranar Lahadi sha biyu ga wata, wai kana da magana da ni, kuma wai in kira Misis Raine ta zo ita ma. Na ce me ya haɗa Enoch Marwood da matar da ke sayar da ƙwai? Ya ce kai za ka faɗa. In zancen akwatin ne, kada ka ɓata kuɗin jirgi. In kuma so kake ka rantse mini a gaban shaida cewa takalman ba naka ba ne, to Miles ya riga ya gaya mini tun tuni cewa bai san na wa ba ne, kuma na yi ta tunani a kai. Mai yiwuwa na ɗora maka fiye da naka. Ba zan maimaita wannan ba, don haka ka adana takardar.

Jirgin ƙarfe goma sha ɗaya da kwata ne kaɗai ke tsayawa a nan ranar Lahadi. Ba mai taryarka, hanyar ba ta canja ba. Misis Raine ta yi murna ƙwarai da gayyatar, ta ce ba ta taɓa cin abinci da babban mutum ba, har ta ba da baƙar rigarta a gyara mata. Zan gasa cinyar tunkiya. Kada ka makara, ba ta da daɗi in ta huce.

Lettice